Wa ke da Ikon Shimfiɗa Tabarma? Lidiya ta Filibi da Batun Karɓar Baƙo a Ƙasar Dutse

Abin da aka rubuta a kan Lidiya kaɗan ne ƙwarai: ayoyi uku a tsakiyar sura ta 16 ta littafin Ayyukan Manzanni, sai aya ɗaya a ƙarshen surar. Duk da haka masu wa'azi a majami'un Arewa ba sa gajiya da ambatonta, musamman a taron mata, kuma darasin da suke cirowa kusan ɗaya ne kullum, wato mace ta gari ita ce mai sakin fuska ga baƙi, mai saurin ɗora tukunya. Ba ƙarya ba ne, amma a ganina an rage wa labarin nauyi. Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne, gayyatar da Lidiya ta yi wa Bulus da abokan tafiyarsa neman matsayi ce. Ta nemi a yarda ita ma ta isa ta zama mai masauki, kuma amsar da aka ba ta ita ce ta haifar da ikilisiyar Filibi. Mutumin Dutse ko Kiyawa ko Jahun, wanda ya tashi ya ga yadda zaure yake aiki, ya kuma ji labarin fatoma a bakin kakanni, yana da kayan fahimtar wannan fiye da mai karatu a Turai, wanda baƙonsa otal yake sauka.

Wajen shekara ta 49 ko 50 Miladiyya, Bulus da Sila da Timoti suka haye teku daga Taruwasa zuwa Makidoniya, suka isa Filibi. Garin yana kan babbar hanyar Rumawa da ta ratsa yankin daga gabas zuwa yamma, kuma bayan yaƙin da aka gwabza a filinsa a shekara ta 42 kafin Miladiyya an zaunar da tsofaffin sojojin Rum a cikinsa, har ya zama mutanensa suna alfahari da Rumancinsu. Ran Asabar baƙin suka fita bayan gari, bakin kogi, inda suke zaton akwai wurin addu'a, suka tarar da mata a zaune. Cikinsu akwai Lidiya, mai sayar da tufafin shunayya, mutuniyar Tayatira, garin da yau ake kira Akhisar a ƙasar Turkiyya. Ba Bayahudiya ba ce, amma tana cikin masu bauta wa Allahn Isra'ila ba tare da sun shiga Yahudanci gaba ɗaya ba. Ta saurara, ta gaskata, aka yi mata baftisma tare da mutanen gidanta. Nan take ta ce wa baƙin, in dai sun ɗauke ta a matsayin mai aminci ga Ubangiji, to su zo gidanta su sauka. Marubucin ya ƙara da cewa sai da ta matsa musu kafin suka yarda.

Manazarta sun sha muhawara a kan ko ita wace ce. Wasu sun ce attajira ce, don shunayyar da ake samu daga dodon-koɗin teku kayan sarakuna ce, har ma dokar farashi ta Sarki Diyokilishiyan ta shekara ta 301 ta sa silikin da aka rina da ita cikin kaya mafiya tsada. Ivoni Richter Reimer kuwa ta kawo hujjar cewa a yankin Tayatira ana yin rini da saiwar tsiro, mai araha, kuma aikin rini aiki ne mai wari da manyan gari suke ƙyama. Wasu sun lura sunanta sunan yankin da ta fito ne, irin sunan da akan sa wa bayi, saboda haka mai yiwuwa 'yantacciyar baiwa ce. Richard Ascough ya yi littafi guda a kanta a 2009. Duk inda gaskiya ta faɗa, abubuwa uku ba su da gardama a cikin nassin: baƙuwa ce a Filibi, tana da sana'a a hannu, kuma gidan nata ne, ba a ambaci wani namiji da za ta nemi izininsa ba. Wanda ya san tarihin marinar Kura da Ƙofar Mata, da yadda turkuɗin Kano yake kaiwa har ƙasar Buzaye, kamar yadda Heinrich Barth ya gani a 1851, ya san cewa mai harkar rinannen tufafi ba ya rasa sanin hanya, da bashi, da masauki.

To, me ya sa sai da ta matsa? Nan ne gizo yake saƙar. Matafiyin da bai san kowa a gari ba, aka yi masa tayin ɗaki da abinci, ai ba ya bari a faɗa sau biyu. Dalilan jan ƙafar guda biyu ne da ake iya gani. Na farko, Bayahude mai kiyaye addininsa ba ya sakin jiki ya ci a gidan wanda ba Bayahude ba. Surori kaɗan kafin wannan, da Bitrus ya shiga gidan Karniliyas, abin da 'yan'uwansa na Urushalima suka tuhume shi da shi ke nan: ya shiga wurin marasa kaciya, ya ci tare da su. A Antakiya ma a kan batun cin abinci tare ne Bulus ya ja da Bitrus a bainar jama'a, kamar yadda ya ba da labari da kansa a wasiƙarsa ga Galatiyawa. Na biyu, Bulus mutum ne mai gudun a ce ya ci na wani. A Koranti ya gwammace ya yi ɗinkin tanti da hannunsa da ya karɓi tallafin ikilisiyar garin, har abin ya zama abin ƙorafi tsakaninsa da su. Ya san wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Lidiya ta gane wannan sarai, shi ya sa ta ɗaura gayyatarta a kan sharaɗi. In sun ƙi zuwa, sun nuna baftismar da suka yi mata ba ta mai da ita 'yar'uwa ba, tana nan dai a matsayin wadda ake yi wa wa'azi a bakin kogi amma ba a cin tuwonta. In sun zo, sun shiga ƙarƙashin inuwarta, sun zama masu karɓa, ita mai bayarwa. Da safe ita ce baƙuwa a zancensu, kafin rana ta faɗi su ne baƙi a gidanta. Ba kirkin hali kaɗai ba ne wannan, har da wayon 'yar kasuwa da ta san cewa ciniki bai ƙullu ba sai kowane ɓangare ya ajiye wani abu.

A ƙauyukan da ke kewaye da Dutse har yau ana iya ganin yadda abin yake aiki. Baƙo ya yi sallama a ƙofar zaure, yaro ya ruga ciki, a fito da tabarma, a kawo ruwa a kwanon sha kafin a tambaye shi abin da ke tafe da shi. Jim kaɗan sai ga ƙwaryar fura an rufe da faifai, ludayi a kai. Matar da ta dama furar ba za ta fito ba, wataƙila baƙon ba zai taɓa ganin fuskarta ba, amma ita ta yanke yawan nonon da aka zuba, ita ta zaɓi ƙwaryar, kuma da abin da ta aiko zai auna gidan in ya koma garinsu. Sai a duba ɓangaren baƙon. In ya kurɓa ya ce alhamdulillahi, an zama ɗaya. In kuwa ya ture ƙwaryar gefe ya ce a ƙoshe yake, ƙwarya ta koma ciki yadda ta fito, to maganar da za a yi a tsakar gida ran nan ba ta yunwa ba ce. Za a ce yana ƙyamarmu ne, ko yana zarginmu da wani abu. Ƙin cin abincin mutum hukunci ne a kansa, kowane Bahaushe ya san haka ba sai an karantar da shi ba.

Akwai kuma wani nauyin da masu wa'azi ba su cika taɓowa ba, wato mai masauki shi ne mai tsaya wa baƙo. A tsarin fatauci na ƙasar Hausa, fatoma ba ɗaki kawai yake bayarwa ba. Shi ke ajiye kayan falke, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in za a ba da kaya bashi, in rigima ta tashi shi za a fara nema. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya nuna yadda cinikin shanu da goro ya dogara kacokan a kan masu gidajen da suke saukar da baƙi, da kuma matansu masu dafa abincin baƙin. Polly Hill ta ga irin wannan tsari a Kumasi. Da wannan idon ya kamata a karanta ƙarshen surar. An kama Bulus da Sila, an zarge su da koyar da al'adun da suka haramta ga Rumawa, an yi musu bulala a kasuwa, an jefa su kurkuku. Da aka sake su aka roƙe su su bar gari, ba su kama hanya ba sai da suka biya gidan Lidiya, suka gana da 'yan'uwa a can. Ke nan a ɗan wannan tsakanin gidan ya zama wurin taruwar masu bi, kuma ta sake buɗe ƙofa ga mutanen da gari ya gama tozartawa, ita da cinikinta ya rataya a kan yardar masu kuɗin garin. Wanda yake shakkar haɗarin ya karanta sura ta gaba: a Tasalonika, da aka nemi Bulus aka rasa, mai masaukinsa Yason aka ja zuwa gaban mahukunta, sai da ya ba da beli.

Musulmi mai karatu ba zai ɗauki wannan a matsayin baƙon zance ba. Alƙur'ani da littafin Farawa duk sun kawo labarin Annabi Ibrahim da baƙinsa, kuma a Alƙur'ani tsoro ya kama shi ne daidai lokacin da ya ga hannuwansu ba sa kaiwa ga naman da ya gabatar. Hadisi ya ɗaura girmama baƙo a kan imani da Allah da Ranar Lahira, ya kuma sa liyafa kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ne. Wani tsohon littafin tarbiyyar Kirista da ake kira Didake, na wajen ƙarshen ƙarni na farko, shi ma ya ƙayyade wa matafiyi kwana biyu ko uku, in zai zauna ya kama sana'a. Tarihin Musulunci da kansa ya ratsa ta gidajen masu masauki: Najjashi, sarki Kirista, ya karɓi Musulmin da suka yi hijira zuwa Habasha wajen shekara ta 615, Abu Ayyub al-Ansari ya sauki Manzon Allah (SAW) a Madina, gidan Ramla bint al-Haris ya zama masaukin tawagogin ƙabilu, Ummu Sharik kuma an san gidanta da yawan baƙi. Addinan biyu duk sun fara ne a matsayin baƙi a gidan wani, kuma a duka biyun akwai mata cikin masu gidan.

Da Kiristanci ya zo ƙasar Kano, wadda Dutse take ƙarƙashinta a lokacin, abin ya zo a juye. A 1900 tawagar Bishop Tugwell ta ƙungiyar mishan ta CMS, da Dokta Walter Miller a cikinta, ta isa Kano ba tare da an ba ta izinin shigowa ba. Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki, suka koma Girku a ƙasar Zazzau. Ta fuskar al'ada, sun shigo gari ba su da fatoma, ba wanda zai ce baƙina ne. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, shugabansu Lugga ya yi alƙawarin gwamnati ba za ta sa baki a addinin jama'a ba, kuma jami'an mulkin mallaka suka riƙe wannan wajen taƙaita mishan a masarautun Musulmi shekara da shekaru. Da aka sassauta a shekarun 1930, ƙofar da aka buɗe ta magani ce. Ƙungiyar SIM ta karɓi kula da kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato, ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943, ta kuma kafa tashoshi a karkara, irin su Roni da Garun Gabas da yau suke cikin Jigawa. Shobana Shankar ta bi diddigin wannan tarihi a littafinta na 2014.

Ba na raina aikin da aka yi a wuraren nan. Mutanen da danginsu suka guje su sun sami magani da abinci da karatu. Sai dai a duba wa ke bayarwa, wa ke karɓa. Bature ne mai gida, shi ke da gado da allura da allo; wanda ya tuba shi ne baƙo, yana kwana a filin mishan, yana cin abincin mishan, a bayan gari. Wannan kishiyar Filibi ce. Addinin da kullum shi ke saukar da mutane, ba a taɓa saukar da shi ba, zai daɗe ana yi masa kallon kayan wasu, kuma mutanen gari ba su yi kuskure ba da suka ga haka. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Inda Kiristanci ya yi saiwa a tsakanin Hausawa, kamar a wasu garuruwan Maguzawa na Kano da Katsina da Zariya, ya yi ne a lokacin da mai bishara Bahaushe ya sauka a gidan manomi, ya ci tuwon dawar da aka tuƙa masa, aka yi sujada a zaure ko a gindin bishiya tun ba a yi ginin majami'a ba. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan Kano a ƙarshen shekarun 1930, da Jerome Barkow a bayansa, sun bayyana al'ummar da matanta suke fita gona, suke da abin hannunsu. A irin wannan gida, mai bishara ba zai kwana biyu ba in uwargida ba ta so.

Wani zai ce wannan hujja ta yi wa baƙunta kwalliya da yawa, tunda abinci ma yana zama tarko. Gaskiya ne, kuma zargin yana tafiya ta kowane ɓangare: an zargi mishan da sayen mutane da magani, an kuma zargi rangadin musuluntarwa na Sardauna a shekarun 1960 da jan mutane da kyauta. Amma labarin Lidiya shi ne ma'aunin da ke raba tsakani. Ita ba a ba ta komai ba. Ita ta kashe, ita ta ɗauki haɗari, bayan ta riga ta gaskata. Bulus da kansa ya shaida a wasiƙarsa ga Filibiyawa cewa a farkon aikinsa, da ya bar Makidoniya, ba ikilisiyar da ta shiga harkar bayarwa da karɓa da shi sai su, har Tasalonika sun aika masa fiye da sau ɗaya. Mutumin da ya ƙi karɓar na Korantiyawa ya karɓi nasu. Ba a ambaci sunan Lidiya a wasiƙar ba, amma ba wuya a ga inda aka koyi wannan hali.

Dutse ta zama babban birnin jiha ranar 27 ga Agusta 1991. Ma'aikata da 'yan kasuwa daga sassan ƙasa suka zo, Cocin Angilika ta kafa dayosis ɗin Dutse a 1996, jami'ar tarayya ta biyo baya a 2011. Yawancin Kiristocin garin a yau ana kiransu baƙi, kuma da yawansu daga wani wuri suka zo ɗin. Sai dai kalmar tana haɗiye har da Hausawa Kiristoci waɗanda kakanninsu a ƙasar nan aka binne su, abin da ƙungiyar Tarayyar Masihiyawan Nijeriya ta daɗe tana kuka a kai. A watan Satumba na 2006, bayan zargin wata mata Kirista da kalaman ɓatanci, an ƙona majami'u da dama a Dutse, har da babbar majami'ar Angilika. Tun daga nan zancen zaman lafiya a irin waɗannan garuruwa yakan ɗauki salo ɗaya: a riƙa kyautata wa baƙi, a kare su, amanarmu ce. Niyya ce mai kyau, kuma ta fi rashinta nesa ba kusa ba. Amma zance ne da ke barin ɓangare ɗaya a kan tabarma har abada, ɗayan kuma a tsaye da buta. Gwajin da ya fi wannan tsanani shi ne wanda ake yi sau biyu a shekara ba tare da an kira taro ba: naman layya ya tsallaka katanga zuwa gidan Kirista, shinkafar Kirsimeti ta tsallako zuwa gidan Musulmi. Na farkon ba ya cika samun matsala. Na biyun ne abin dubawa, ko an ci, ko an karɓa da fara'a an juye wa kaji bayan yarinyar da ta kawo ta juya baya. Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ma'abota Littafi, malamai kuma suna da bayanansu a kan yanka, ba wannan nake son warwarewa ba. Abin da nake nunawa shi ne, matar da ta aiko da kwanon tana yin tambayar da Lidiya ta yi, kuma ta iya karanta amsar.

Saura wani gefen da bai yi wa ikilisiya daɗi ba. A ƙarni biyu na farko Kiristoci ba su da gine-ginen sujada, a gidaje suke taruwa, shi ya sa sunayen mata masu gida suka cika Sabon Alƙawari: Maryamu uwar Yohanna Markus a Urushalima, Biriskila a Afisa da Rum, Nimfa, da Fibi wadda Bulus ya ce ta tallafi mutane da yawa har da shi. A Filibi kanta matan da ya ambata da suna, Afodiya da Sintiki, ya kira su abokan famansa a aikin bishara. Wadda taro yake a ɗakinta ba a iya mai da ita 'yar kallo. Da aka fara gina majami'u, aka gina ta Filibi a ƙarni na huɗu zamanin Bishop Forfiriyos, masaukin ya tashi daga hannun mai gida ya koma hannun mai muƙami. Haka abin ya maimaitu a nan. Duk wanda ya halarci babban taron cocin ECWA ko na Angilika a Arewa ya ga matan Zumunta da zanensu iri ɗaya, tun asuba suna hura wuta a bayan majami'a, su suka tara hatsin, su suka raba baƙi gida-gida, su za su wanke tukwane bayan an watse. Aikin saukar baƙi yana nan a wuyansu kamar yadda yake a wuyan Lidiya, amma ikon da ya zo mata tare da shi ya tsaya a ƙofar ofishin fasto. ECWA, wadda aka kafa a 1954, ba ta naɗa mata fastoci, Cocin Angilika ta Nijeriya ma ba ta naɗa su firistoci.